Fis na Biyu a Soron Indo Mai Markaɗe

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe lungun nan da ya raba Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san Indo. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi ta injinta, kuma ba ta iya ganin wake da tsakuwa ta yi shiru. "Wannan wa ya wanke? Ke ko akuyarku?" Da haka take tarbar masu kawo mata aiki, kuma gobe su dawo, don ƙullunta ba ya gari-gari. Abu guda ne yake kashe mata baki. Da zarar yaran unguwa sun kwasa da ihun "An kawo! An kawo!", sai ka ga ta saki abin da ke hannunta, ta lallaɓa ta zauna a kan dakali, ta ƙura wa ƙasa ido. Baƙi kan ɗauka hawan jini ne. Ba shi ba ne, kuma tsofaffin lungun sun san ba shi ba ne.

Daga wani ƙauye na ƙasar Sumaila suka zo, ita da mijinta Lawan, direban tifa. Filin da ya samu shi ne na ƙarshe a lungun, wanda kowa ya raina saboda kwata. Sai da aka gina aka ga abin da Allah ya ɓoye a ciki: ƙofar gidan tana kallon wayar wutar Gyadi-Gyadi, katangar baya kuma tana ƙarƙashin wayar Tarauni. A zamanin soja rabon wuta ake yi. Ta Gyadi-Gyadi takan zo da asuba ta tafi kafin azahar. Ta Tarauni kuwa sai bayan la'asar, idan ofisoshi sun tashi, manya sun gama da ita. Lawan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce wa matarsa, "Indo, injin markaɗe zan saya miki. Safe naki, yamma naki."

Wanda ya haɗa musu aikin shi ne Malam Istifanus, mutumin Filato, ma'aikacin wuta da ke zaune a Unguwa Uku. Wajen dakon falwaya suka saba da Lawan, har ta kai suna cin tuwo a kwano ɗaya. Dogo ne siriri, ba ya gaggawa, magana ma sai ya tauna ta. Ya bi duk hanyar da ake bi, aka ba gidan mita biyu, ya kafa su gefe da gefe a bangon soro. Ƙarƙashin kowace mita akwai gurbin fis, wato ɗan farin abin nan da ake cusawa wuta ta shigo gida, a zare ta yanke. Gurbi biyu, amma da ya gama aiki sai ya ɗauki fis guda ya jefa a aljihunsa, ya miƙa wa Indo ɗayan.

"Uwargida, ki saurare ni da kyau," in ji shi. "Wannan guda ɗaya shi ne na gidan nan har abada. Da safe ki sa shi a na Gyadi-Gyadi, da yamma ki zare ki mai da shi na Tarauni. Ranar da aka cusa biyu tare, wutar layin da yake da rai za ta ratsa ta gidanki ta fita kan layin da ya mutu. Mu kuma layin da ya mutu muke hawa mu kama da hannu."

"Kai, Malam, ka cika tsoratar da mutane," in ji Indo.

"Ba tsoro ba ne. Na taɓa sauko da mutum daga kan falwaya, ban son in sake."

Lawan ya ƙera wa mitocin akwatin katako da kwaɗo, Indo ta ɗaure mukullin a bakin zanenta. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da Lawan ya rasu, ciwon ciki na 'yan kwanaki, Istifanus ya zauna a tabarmar makoki tare da dangi har aka share. Bayan nan bai yar da gidan ba. Lokaci-lokaci da hantsi zai biyo a kan tsohuwar Besfarsa, ya tsaya a bakin soro, ba ya wucewa ciki tun da mai gidan ba ya nan.

"Uwargida, fis nawa?"

"Ɗaya, sarkin tambaya!"

Sai su yi dariya, ta ba shi ruwa a kofin silba, ya sha ya wuce. Wasa ne, amma shi da gaske yake tambaya, ita ma ta sani.

A shekarar da aka yi zaɓen mayar da mulki hannun farar hula, bangon kowa ya cika da hotunan 'yan takara, taransifomar Gyadi-Gyadi ta yi ƙara wata safiya ta kama hayaƙi. Ma'aikata suka zo suka kwance wayoyi daga bakin lungu, suka ɗora ta a mota, wai za a kai gyara. Shiru kake ji. Guntuwar wayar da ta bi ta saman gidajen lungun ta zauna a sake, ba ta haɗe da komai, tsuntsaye suna hutawa a kanta. Indo ta mai da fis ɗinta gurbin Tarauni ta bar shi can. Ta rasa kasuwar safe, amma ita kaɗai ce mai haske a lungun idan yamma ta yi.

Istifanus ya biyo ya ba ta shawara. "Uwargida, wancan layin ba yau ba gobe. Ki bari in cire mitar Gyadi-Gyadi, in yanke wayarta daga falwaya, ki koma Tarauni gaba ɗaya. Hankalina zai fi kwanciya."

Ta kalli akwatin da Lawan ya ƙera da hannunsa, har da inda gudumarsa ta kuskure ƙusa. "A bar ta dai tukuna, Malam. Yadda ya bar su nake son ganinsu."

Bai matsa mata ba. Da ma ya matsa.

Bazarar shekarar ta zo da mugun zafi, irin wanda ko bango ka jingina da shi sai ya gasa maka baya. A cikinta maƙwabciyarta Uwani ta haihu. Ga wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga ɗaki mai rufin kwano, ga jariri duk jikinsa ya feso da ƙurajen zafi. Kukansa yana ratsa katanga ya shiga har cikin ƙirjin Indo, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Takan ɗauko shi ta kwantar ƙarƙashin fankarta, amma mai jego ba ta yawo, jariri kuma ba ya nisa da nono.

Rannan mijin Uwani, Rabi'u mai gyaran rediyo, ya yi sallama a soro. Irin mutanen nan ne da in sun iya haɗa waya biyu sai su ɗauka su suka ƙirƙiro lantarki. Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga sabon fis fari tas, daga kasuwar Sabon Gari.

"Yaya Indo, taimako za ki yi mana. In kika cusa wannan a gurbin Gyadi-Gyadi, wutarki za ta hau wayar lungu, kowa ya samu. An yanke ta daga bakin titi, ba inda za ta je. Fanka kawai, don Allah, saboda yaron nan."

Ta ja da baya. "Rabi'u, Malam Istifanus ya hana."

"To wa zai hau falwayar lungun nan? Taransifoma ma babu. Ranar da za a kawo, ai da ganga za a kawo ta, sai mu zare."

Daidai nan jaririn ya sake tsala kuka ta bayan katanga. Indo ta kwance mukulli daga bakin zanenta.

Wayyo, zo ka ga murna! Ƙwan fitila ya kama a gidan Uwani, ya kama a gidan da ke gaba, har ƙarshen lungu. Hasken ja-ja ne, ba ƙarfi, amma fanka tana juyawa. Mata suka yi ta leƙowa suna sa mata albarka, tsofaffi suna cewa Allah ya kai ladan kabarin Lawan. Aka raɗa wa abin suna wutar Indo. Ita kuwa, gaskiya, daɗi ya kama ta. Macen da aka sani da faɗa a kan tsakuwar wake, yau ita ake yi wa addu'a a masallacin lungu.

Ta kafa doka: ƙwai da fanka kawai. Kuma kullum idan wutar Tarauni ta ɗauke, takan zare fis ɗin Rabi'u ta jefa a tsohuwar samira ta rufe. Saboda haka duk safiyar da Istifanus ya tsaya ya ce "Fis nawa?", takan ce "Ɗaya" da ƙarfinta, tana lallashin kanta cewa ai a wannan lokacin ɗaya ne a bango.

Amma wa ya taɓa ba mutane wuta suka tsaya a fanka? Wannan ta jona dutsen guga, wancan ya jona firji, ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati kuwa har da talabijin aka fito da ita tsakar lungu. Siririyar wayar da ke cikin fis ɗin ta riƙa tsinkewa, wanda kuwa aikinta ke nan, ta tsinke kafin abu ya ɓaci. Rabi'u ya gaji da sauyawa, ya samo jan ƙarfe mai kauri ya naɗa a duka biyun, ya ce yanzu an huta. Daga nan soron ya fara wani wari, kamar an jefa silifas a murhu. Bangon gefen akwatin ya riƙa ɗumi har bayan an ɗauke wuta. Wani baƙin layi ya fito daga ƙarƙashin murfin ya miƙe sama. Kyanwar gidan, wadda nan ne wurin barcinta tun tana ƙarama, ta ƙaura madafi.

Zare fis ɗin ma ya zama aiki. Da farko da yatsu, sannan da tsumma saboda zafi, sannan sai ta dafe bango da ƙafa. Wata rana ta gaji, ƙugunta yana ciwo, ta ce gobe. Goben ta zama jibi. Ta rufe akwatin da kwaɗo ta daina buɗewa, don ba ta son ganin abin da ke ciki. Istifanus ya sake tayar da maganar komawa Tarauni gaba ɗaya, ta ce masa tana tunani. Ranar ba ta iya kallon idonsa ba, kofin ruwan ma a kan dakali ta ajiye masa.

Wani abin kuma, tun da farar hula suka hau, wuta ta daina bin lokacinta. Ta koyi tarbar baƙi. In wani babba zai zo buɗe famfo ko ajin makaranta, sai a ga an kawo ta da rana tsaka, babu sanarwa. Indo ta lura da haka, amma ba ta buɗe akwatin ba.

Da damina ta kankama, sabon kansila ya cika alƙawarin da ya yi wa unguwa lokacin zaɓe. Wata safiya da hantsi sai ga babbar mota ta tsaya a bakin lungu ɗauke da taransifoma, an ɗaura mata kyalle mai launin jam'iyya. Da ganga aka kawo ta, kamar yadda Rabi'u ya faɗa, har da kalangu da lasifika a kan motar haya, da samari masu rawa. Sai dai ba wanda ya sanar da kowa tun jiya, balle a zare fis. Lungun ya cika maƙil, ba wurin sa ƙafa. Indo tana tsaye a ƙofar soro, hannunta duk ƙullu, ta hango dogon mutum yana ratso jama'a da tsani a kafaɗa, bel ɗin hawa a ƙugunsa.

Ya jingina tsanin a falwayar da ke gaban gidanta, ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Uwargida, yau ni zan haɗa muku wayar lungu. Fis nawa?"

Uwani tana gefenta da goyo. Rabi'u yana bayan Istifanus, ya zaro ido yana girgiza mata kai. Ga maƙwabta, ga mutanen kansila, ga wasu ma'aikatan wuta biyu suna jiran amsa su wuce. In ta ce biyu, ta tona asirin lungu gaba ɗaya a gaban hukuma, mijin Uwani zai kwana a caji ofis, kuma za ta gaya wa aminin Lawan, a bainar jama'a, cewa wata da watanni tana yi masa ƙarya. Ta yi lissafi da sauri: wutar Tarauni sai la'asar, yanzu ko azahar ba a yi ba. Yana juya baya za ta shiga ta zare.

"Ɗaya," ta ce.

Ya yi murmushi. "Yau ba sarkin tambaya?"

Ta kau da kai. Ya taka tsani, ya ɗora abin gwajinsa a kan waya, ya ga ba komai, ya ci gaba da hawa.

Ta faɗa soro, da ƙyar mukulli ya shiga kwaɗon. Tana ɗaga murfin wari ya buge ta. Fis ɗin Rabi'u ya yi baƙi ƙirin, gefensa ya narke ya manne da gurbin. Ta kama ta ja, ko motsi. Ta dafe bango da ƙafa ta ja har farcenta ya ɓalle. Ta koma kan nata na asali, wanda ta yi shekara da shekaru tana zarewa da yatsu biyu. Shi ma ya zama ɗaya da bango.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta fito a guje, ko mayafi babu. Yana can ƙololuwa, ya ɗaure bel ɗinsa, ya cire safar hannu ya saƙale a aljihu don ya ji daɗin murɗa waya.

"Malam! Malam Istifanus, sauko! Biyu ne! Ƙarya na yi maka, biyu ne!"

Muryar da ta fi injin markaɗe, ranar ba ta kai ko'ina ba. Lasifika tana kirarin kansila, kalangu yana tashi, mata suna guɗa. Waɗanda ke kusa suka ɗauka murna take, wata har ta kama hannunta za su yi rawa. Ta nemi Rabi'u, ya ɓace. Tsakaninta da gindin tsanin mutane ne jingim. Ta fizge hannunta ta koma ciki, ta zarce madafi ta sunkuto taɓarya.

Ta tsaya gaban akwatin ta ɗaga taɓaryar sama. Idonta ya sauka a kan inda gudumar Lawan ta kuskure ƙusa. Wallahi ba ta daɗe ba, numfashi ɗaya ne ta tsaya. A cikin numfashin nan ƙwan fitilar da ke saman kanta ya kama, fankar ɗaki ta fara juyawa, ta bayan katanga kuma yaran Tarauni suka kwasa da ihu: "An kawo! An kawo!"

Ta sauke taɓaryar da duk ƙarfinta. Wuta ta yi tartsatsi, ta sake bugawa, ta sake, har katako da mita da fis suka zube ƙasa, ƙwan ya mutu. Sai a lokacin ta ji kalangun ya tsaya. Lasifikar ce kawai ta ci gaba da magana ita kaɗai na ɗan lokaci, kafin wani ya kashe ta.

Bel ɗinsa ne ya riƙe shi, da a ƙasa za a tsince shi. Abokan aikinsa suka sauko da shi a sume, hannun damansa ba ya kalluwa. Daga baya aka ji dalilin kawo wutar da wuri: wani babba ne ya zo duba gyaran kwata a ɓangaren Tarauni.

Bai mutu ba. An yanke hannun daga gwiwa, yatsun hagun kuma suka ƙanƙance ba sa miƙewa. Indo ta dafa farfesu ta kai asibiti. Matarsa Naomi ta tare ta a bakin ɗaki, ta dubi kwanon ta dubi fuskarta, ta ce, "Ba ya iya riƙe cokali, Maman markaɗe. Ki koma da shi." Ba ta ɗaga murya ba, kuma Indo ta gwammace da ta mare ta.

Hukuma ta zo ta kwashe ragowar mitocin, ta yanke wayoyin gidan gaba da baya. Rabi'u ya kwashe iyalinsa ya koma Hotoro ba sallama. Mutanen da suka sha wutar Indo suka koma cewa su da ma sun san abin ba zai ƙare lafiya ba. Sabuwar taransifoma ta haska kowane gida a lungun, ban da na ƙarshe. Indo ta sayar da awarwaronta da gadon ƙarfenta ta sayi tsohon inji mai shan gas, shi take tayarwa da hannu har yau. An sha ce mata ta nemi a mayar mata da wuta, komai ya wuce. Takan ce fitilar ƙwai ta ishe ta.

Bayan an yi girbi, wata safiya da hantsi, ta ji sallama a bakin soro. A ƙafa ya zo, don ba ya iya tuƙa Besfa. Ya rame, an naɗe hannun rigarsa na dama an kama da fil. Ta fito ta durƙusa. Ya daɗe yana kallon bangon, inda shacin mitoci biyu ya rage fari a tsakiyar baƙin hayaƙi.

"Malama Indo," in ji shi. Bai taɓa kiranta haka ba. "Na tambaye ki."

"Ka tambaye ni, Malam."

"Da kin ce biyu, faɗa zan yi miki, in cire, in sha ruwa in hau aikina."

Hawaye suka zubo mata. Ta tashi ta ɗebo ruwa a kofin silban nan, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi kofin, ya dubi yatsunsa na hagu, ita ma ta dube su. Ta tsaya riƙe da kofin, ba ta san ko ta kai masa baki ba ko ta ajiye.

"Bar shi," ya ce. "Na sha a gida."

Ya juya ya bi lungun a hankali, ya wuce ta ƙarƙashin falwayar bai ɗaga kai ba. Bai ƙara biyowa ta nan ba.